Babi na Biyar: Ina Kuɗin 'Yan Ci-rani Suke Shiga?

Akwai tambayar da ba ta tsufa a majalisun Tambuwal da Kebbe: shekara da shekaru samari suna tafiya Kurmi suna aiko kuɗi, to ina kuɗin suke shiga? Mai tambayar ba shi da laifi. Da zarar an ɗaure gero an kai rumbu, motocin da ke bin titin Sakkwato zuwa Jega, su wuce Yawuri da Kwantagora, sai su cika maƙil da matasan Dogon Daji da Sanyinna da Jabo da Kuchi da Girkau. Wasu Legas suka nufa, wasu Badun, wasu Abuja ko Fatakwal. A can su ne 'yan ga-ruwa, su ne 'yan kabu-kabu, su ne 'yan dako a kasuwar Mile 12, su ne masu gadi da masu yankan farce da 'yan bola-jari. Da wuya mutum ya shiga unguwa bai tarar da gidan da ake jiran saƙon wani daga kudu ba.

Duk da haka, wanda ya zaga ƙauyukan ba zai ga wani babban abin da zai nuna da yatsa ya ce ga kuɗin cin rani ba, in ban da ɗakin kwano nan da can, da babur, da injin ban-ruwa a fadama. Daga nan ne wasu ke yanke hukuncin cewa tafiyar wahalar banza ce, ko kuma samarin ne ke cinye abin da suka samu tun a can. Masu bincike sun fi shekara 70 suna bin sawun waɗannan kuɗi, a ƙasar Sakkwato da wasu ƙasashe masu irin halinta, kuma abin da suka gano bai goyi bayan wannan hukunci ba.

Hanyar ta girmi titin

Tun kafin a shimfiɗa kwalta mutanen wannan yanki matafiya ne. Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya yi zaman ribaɗi a ƙarni na 19, tana kusa da Jega, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato a wancan zamani. Ta wannan kusurwa ayarin fatake ke gangarawa su ƙetare Kwara, su nufi Gwanja da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sai tafiyar ta sami sabon dalili. Haraji ya koma na tsabar kuɗi. Manomin da rumbunsa ke cike amma aljihunsa babu ko sisi, dole ya sayar da hatsi da araha a kaka, ko ya fita neman kuɗi da rani. Da yawa suka zaɓi fita. Masanin nan Kenneth Swindell, wanda ya yi nazarin cin ranin arewa maso yamma tsakanin 1900 da 1933, ya nuna yadda haraji da gushewar bauta da bunƙasar noman gyaɗa da auduga suka faɗaɗa tsohuwar al'adar, har ta zama ta talakawa gaba ɗaya.

An taɓa ƙirga su. A ranin 1952 zuwa 1953, lokacin da Lardin Sakkwato ya haɗa jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara na yau, an kafa wuraren ƙidaya a kan hanyoyin fita daga lardin. Aka samu mutum kimanin 259,000, mafi yawansu 'yan lardin, sai wani kaso na mutanen ƙasar Faransa, wato Nijar, da ke ratsawa. R. Mansell Prothero, masanin labarin ƙasa, shi ya tace alƙaluman ya wallafa su a 1957. Galibin matafiyan a ƙafa suke, wasu sun nufi gonakin koko na ƙasar Yarabawa, wasu Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast. Idan aka tuna cewa ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tambuwal mutum kusan 225,000, Kebbe kuma kusan 125,000, za a ga girman abin: waɗanda suka fita a rani ɗaya tak, shekara 70 da suka wuce, sun fi dukkan mutanen Tambuwal na 2006 yawa, maza da mata da jarirai.

Hanyar Gana ta tsuke a 1969, sa'ad da gwamnatin Kofi Busia ta kori baƙin da ba su da takardu. Arziƙin man fetur ya karkatar da ƙafafu zuwa Legas da Fatakwal, daga baya Abuja. Wurin zuwa ya sauya, lokacin tafiya da dalilinta suna nan yadda suke.

Kuɗin da ba sa shiga littafi

Idan jarida ta yi maganar kuɗin da ake aikowa gida, Bankin Duniya take nufi da alƙalumansa. A 2023 bankin ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya mazauna ƙetare sun aiko kimanin dala biliyan 19.5, fiye da kashi ɗaya bisa uku na dala biliyan 54 da suka shigo ƙasashen Afirka kudu da Sahara a shekarar. Kuɗi ne masu yawa, shi ya sa Babban Bankin Najeriya ke zawarcinsu. Daga Maris na 2021 zuwa Yuni na 2023 har tukuicin naira 5 yake bayarwa a kan kowace dala da aka aiko ta halattacciyar hanya.

Sai dai wannan lissafi na kuɗin da suka ƙetaro iyaka ne, kuma suka bi ta banki ko kamfanin aika kuɗi. Mafi yawansu daga Amurka da Ingila suke fitowa, daga likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi. Naira 15,000 da mai ga-ruwa ya turo daga Agege zuwa Kuchi ba ta ciki, domin ba ta bar Najeriya ba. Riyal ɗin da mai aikatau a Jidda ya miƙa wa wani ɗan kasuwa, shi kuma ya buga waya aka biya iyalinsa naira ta hannun 'yan canji a Wapa ta Kano, su ma da wuya su shiga. To ga rabin amsar tambayarmu: kuɗin 'yan ci-rani ba sa bayyana a takardun gwamnati saboda ba a yi ma'aunin dominsu ba.

Rumbu na biyu

Sauran rabin amsar yana cikin gida. Damina a kudancin Sakkwato wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. In ban da masu gona a fadamun Gulbin Zamfara, sauran manoma ba su da aikin gona na kirki har wata bakwai ko takwas. Amfanin farko na tafiyar saurayi ba ya ma buƙatar ya aiko ko kwabo. A ƙaddara yana cin rabin kilo na hatsi a rana. Idan ya yi wata shida ba ya gida, kilo 90 ya bar wa iyali, kusan buhu guda ke nan. Gidan da samari uku suka fita ya tsira da abin da zai kai shi tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, farashi kuma ya hau sama.

Sannan ga abin da ake turowa. Ba ya zuwa a dunƙule. Yana zuwa ne kaɗan-kaɗan, kuma kowane da aikin da aka yanka masa tun kafin ya iso. Wayar ba ta wuce minti biyu:

"Baba, na turo 20,000 wurin mai POS na bakin kasuwa. A ƙaro gero, a ba Inna na magani, abin da ya rage a ajiye na taki."

"Madalla, Allah ya yi maka albarka. Sai dai ka san sunan gidan yayanka jibi ne."

Kafin la'asar kuɗin sun watse gida huɗu. Mai kallo daga waje zai ce an cinye. Amma a duba abin da suka hana faruwa. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1967, ta bayyana tarkon da ƙaramin manomi ke faɗawa: ya sayar da hatsi da araha a kaka don biyan buƙata, ya sayo da tsada da damina, in kuɗi suka yanke ya tafi ƙwadago gonar wani ya bar tasa ciyawa na cinyewa, kaka ta zo ya girbe kaɗan, sai kuma a sake. Ƙarshenta jinginar da gona. Kuɗin cin rani su ke tsinka wannan igiya. Sakamakonsu shi ne akuyar da ba a kai kasuwa ba, irin shukar da ba a daka aka ci ba, gonar da ba a jinginar ba, yarinyar da aka kai asibiti da wuri. Rumbu ne na biyu, wanda aka gina a Legas, inda farin da ya ƙone gonar Kebbe ba ya kaiwa.

Masana tattalin arziƙi sun gwada wannan a wurare da dama. Robert Lucas da Oded Stark sun duba alƙaluman ƙasar Botswana na shekarar fari, suka wallafa a 1985 cewa 'yan birni sun fi ƙara aike ga iyalan da ke da shanu da gonakin da farin ke barazanar halakawa. Wato aiken ba tausayi kawai ba ne, har da kare dukiyar gida, wadda mai aikowa ma yake da gado a ciki. A ƙasar Filifin, Dean Yang ya bi gidajen da kuɗin da ake aiko musu suka ƙaru ba zato bayan rikicin kuɗin Asiya na 1997. Ya tarar yara sun fi zama a makaranta, aikin ƙarfi da ake sa su ya ragu, iyalai kuma sun fi shiga sana'o'in da ke buƙatar jari.

Gwajin da ya fi kama da namu a Bangaladash aka yi shi. A yankin Rangpur akwai lokacin yunwa kowace shekara kafin girbin shinkafa. A 2008 Gharad Bryan da Shyamal Chowdhury da Mushfiq Mobarak suka ba wasu gidaje kuɗin mota kawai, kimanin dala 8.50, da sharaɗin wani ya tafi birni neman aiki. Gidajen da ke tura mutum suka tashi daga kashi 36 zuwa kashi 58 cikin 100, abin da iyalan matafiyan ke ci da kashewa ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku, kuma da yawa suka ci gaba da tafiya a shekarun baya ba tare da an sake ba su komai ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: mafi talauci ba ya tafiya saboda ba shi da kuɗin mota da guzurin kwanakin farko, kuma in ya je bai samu ba, gidan ya shiga uku. Amma labarin bai ƙare da daɗi ba. Da wata ƙungiya ta faɗaɗa shirin zuwa gidaje masu yawa, bai ƙara yawan matafiya yadda aka zata ba, aka rufe shi a 2019. Abin da ya yi aiki a ƙauyuka kaɗan ba lallai ya yi a lardi guda ba.

Shi ma rumbun na biyu yana da nasa fari. Rikicin kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021 ya koro 'yan arewa da yawa gida hannu rabbana. A Yunin 2022 gwamnatin Legas ta haramta kabu-kabu a ƙananan hukumomi shida, daidai lokacin da ake neman kuɗin taki a gida. A ƙauyukan da ke iyaka da Zamfara kuma, inda 'yan bindiga suka hana noma, tafiyar wasu ta daina zama ta rani. Sun tafi, damina ta faɗi, ba su dawo ba.

Daga hannun direba zuwa mai POS

A da, kuɗin a jiki ake dawo da su, a ɗinke cikin lalita, ko a mayar da su kaya: turmin atamfa, keke, rediyo, goro. Mai gaggawa ya ba ɗan garinsu da zai riga shi komawa, ko direban da aka amince da shi. A Sabo ta Badun, kamar yadda Abner Cohen ya rubuta a 1969, masu gida da ke saukar da fataken shanu da goro su ne ma'ajiya, su ne masu tsaya wa baƙo. Tsarin ya dogara da amana, kuma yana da jinkiri. Saƙon da aka bayar yau zai iya yin mako biyu a hanya.

Waya ta rage wannan jinkiri zuwa daƙiƙoƙi. A Kenya, inda aka ƙaddamar da M-Pesa a 2007, William Jack da Tavneet Suri sun gano cewa idan masifa ta auka wa gida, cin abinci da kashe kuɗin waɗanda ba sa amfani da tsarin yana raguwa da kusan kashi 7 cikin 100, na masu amfani da shi kuwa ba ya raguwa, domin taimako na iso musu da sauri daga mutane da yawa. A Najeriya Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki a 2013, amma sai da OPay da Moniepoint da PalmPay suka bazu kafin lema da tebur da ƙaramar na'ura suka zama banki a kowace kasuwar ƙauye.

Ba kyauta ba ne. A wurare da yawa cire 5,000 yana cin naira 100, ga harajin naira 50 na gwamnati a kan turin 10,000 zuwa sama. Tsohon da ba shi da asusu, ta asusun mai POS ake turo masa, kuma wanda ke Legas shi ma ta hannun wani mai POS ɗin ya tura, an ciji kuɗin sau biyu ke nan. Binciken EFInA na 2023 ya nuna kashi 47 cikin 100 na manyan arewa maso yamma ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 26 ne. Masu aikowa daga ƙetare nasu cizon ya fi zafi: tura dala 200 zuwa Afirka kudu da Sahara yana cin kusan kashi 8 cikin 100, mafi tsada a duniya, ga shi burin Majalisar Ɗinkin Duniya a sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030.

Sau biyu a 'yan shekarun nan aka ga raunin sabuwar hanyar. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga. A farkon 2023 kuma canjin takardun naira ya sa alat yana shigowa amma babu tsabar da za a cira, masu ita suka riƙa sayar da naira da naira. A lokutan biyu, direban mota ya dawo da martabarsa.

Ɗan abin da ya saura

Mai ƙoƙari yakan rage wani abu bayan ci da magani. Nan ne wahala ta biyu take. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ma'ana, naira 100,000 da aka ɓoye a akwati shekara guda, abin da 74,000 ke saye a ƙarshen 2023 shi ta iya saye a ƙarshen 2024. Mutanen karkara ba su karanta wannan a jarida ba amma sun san shi sarai, shi ya sa suke mayar da kuɗi rago ko ɗan maraƙi a yi kiwo kafin babbar salla, ko buhunan hatsi a kaka, ko a zuba adashi. Dabara ce mai kyau, in ban da cewa dabba tana mutuwa, ana kuma sace ta, kuma satar shanu a wannan yanki ba labari ba ne.

A wannan gurbi ne 'yan damfara ke shigowa. MMM, wadda wani ɗan Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya ƙirƙiro, ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 duk wata. A Disamban 2016 ta rufe asusun mutane, kuma hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce 'yan Najeriya kimanin miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Lissafi kaɗan ya isa ya tona asirin irin wannan alkawari. Naira 10,000 da ke ƙaruwa da kashi 30 kowane wata za ta zama kusan 233,000 a shekara ɗaya, ta haura miliyan 126 a shekara uku. Babu shago, babu gona, babu rijiyar mai da ke haifar da haka. Kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi, ranar da sababbi suka ragu sai a kulle ƙofa. Duk da haka a Afrilun 2025 aka sake kwatawa da CBEX, wadda ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30.

Wa ke gadin jarin?

Hukumar da doka ta ɗora wa wannan aiki ita ce SEC, mai kula da hannayen jari. A Maris na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta maye gurbin ta 2007. Ta ambaci irin wannan damfara ƙarara, ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun.

Hukunci bayan ɓarna ne. Abin da ya fi shi amfani ga mai ƙaramin jari shi ne yadda doka ta tsara asusun haɗaka mai rajista. Hannu uku ne a kansa. Akwai kamfanin da ke juya kuɗin, akwai bankin da ke riƙe da su, akwai kuma amintaccen da ke sa ido a madadin masu jari. Mai juyawa ba shi ne mai ajiya ba, don haka ba zai wayi gari ya kwashe ya gudu cikin sauƙi ba. Dole a riƙa bincika littattafansa, dole ya bayyana inda ya zuba kuɗin. Wannan bai hana faɗuwa ba, jari jari ne. Abin da yake hanawa shi ne mutum ɗaya ya zama shi ne mai karɓa, shi ne mai ajiya, shi ne mai ba da labarin riba. Takardar rajistar kamfani ta CAC, wadda 'yan damfara ke son liƙawa a bango, ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce.

Mai gudun kuɗin ruwa ma an yi masa tanadi. Lotus Capital ta buɗe asusun jari na halal a 2008, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk na farko a Satumban 2017, na naira biliyan 100, aka zuba a ayyukan tituna 25. Da naira 10,000 ana iya shiga.

To me ya sa mai ga-ruwa bai shiga ba? Domin ba a gaya masa ba. Ofishin SEC mafi kusa da Tambuwal yana Kano, takardun da Turanci suke, ana neman BVN da asusun banki da cike fom. Ita kuwa damfara da Hausa take zuwa, cikin saƙon murya a WhatsApp, daga bakin abokin da suke kwana ɗaki ɗaya a Idi-Araba, wanda ya nuna masa alat ɗin ribar farko da idonsa. Dokar ta yi kyau a takarda, amma har yanzu ɓarawo ya fi mai gadi iya harshen mai kaya.

Jarin da ke zaune cikin zafi

Saboda haka mafi yawan masu ɗan rara sun fi son abin da za su taɓa da hannu. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, janareta ya zama kaya. Sai sola ta karɓi fage. Saurayi ya yi rani biyu ko uku yana tarawa, ya dawo ya kafa shagon cajin waya, ko ya sa firji yana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, ko ya haɗa da POS. Jari ne mai ma'ana: rana ba ta yankewa a Sakkwato, kowa kuma yana da wayar da ke neman caji, har da wadda ake jiran alat a cikinta.

Faifan sola yakan yi shekara 20 yana aiki. Batir ne ke mutuwa, kuma shi ne mai tsadar. Masu ƙera batirin dalma, irin dogon nan da ake ƙara wa ruwa, suna auna rayuwarsa ne a zafin digiri 25. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin kimanin digiri 10 yana raba rayuwar biyu. Batirin da zai yi shekara huɗu a digiri 25, shekara biyu zai yi a 35, shekara ɗaya a 45. A Afrilu zafin Sakkwato yana haura digiri 40 a inuwa. Yanzu a shiga irin shagon da aka saba gani a bakin titi: kwano sama, kwano gefe, ƙofa ɗaya, babu taga. Batura biyu na ƙasan tebur a kusurwa, an jera su manne da juna, inbata a kansu tana fitar da nata zafin, an kuma lulluɓe su da buhu saboda ƙura da idon ɓarawo. Ruwan cikinsu yana ƙafewa da sauri, in an tuna a ƙara sai a zuba na rijiya maimakon tataccen ruwan batir. Bayan shekara ɗaya wuta ta fara ɗaukewa tun kafin isha'i, mai shago ya ce an sayar masa da jabu. Wani lokaci gaskiyarsa ne. Sau da yawa kuwa batirin na kirki ne, dafa shi aka yi.

Batirin litiyam da ke shigowa kasuwa yanzu ya fi juriya, amma shi ma ba ya son a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45. Matsalar ba ta ƙauye kaɗai ba ce. A 2012 masu motar lantarki ta Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka, wadda zafinta ke gogayya da na Sakkwato, sun koka cewa baturansu na raguwa da wuri, kuma motar ba ta da bututun ruwan sanyaya batir irin wanda Tesla ke sawa. Babi na gaba zai buɗe batirin a ga abin da zafi ke yi masa a ciki, yadda manyan kamfanoni ke sanyaya nasu da iska da ruwa, da abin da mai shago a Kebbe zai iya yi da katangar ƙasa da rufin zana da taga biyu masu kallon juna, kafin bazara mai zuwa ta cinye masa wahalar rani uku.